Sun Doke Kowa, Aka Hana Su Neman Kofi: Fashin Baƙi Kan Kakar 2017 ta Jami'ar UCF

Ranar 1 ga Janairu, 2018, a filin Mercedes-Benz na birnin Atlanta, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Tsakiyar Florida, wadda aka fi sani da UCF, ta doke Jami'ar Auburn da maki 34 da 27. Wasanta na 13 ke nan a kakar, kuma nasararta ta 13. A cikin jami'o'i 130 da ke buga babbar gasar a shekarar, ita kaɗai ce ba wanda ya kai ta ƙasa. Bayan mako guda, a wannan filin dai, Alabama da Jojiya suka kara a wasan ƙarshe na neman kofin ƙasa. Dukansu biyu sun sha kashi a hannun Auburn a watan Nuwamba: Jojiya da 40 da 17, Alabama da 26 da 14. 'Yan UCF a talabijin suka kalli wasan.

Wanda ya tashi da kallon Firimiya ko La Liga zai ji wannan magana banbaraƙwai. A can akwai teburi, kowa ya kara da kowa gida da waje, wanda ya fi maki ya ɗaga kofi, ko da kuwa Leicester ce ta 2016. A ƙwallon jami'o'in Amurka abin ba haka yake ba, kuma sai an gane dalilin sannan za a gane rigimar da ta biyo baya.

Wasan kansa na ƙarfi ne. Mutum 11 a kowane ɓangare, masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun kai ƙwallon ƙarshen fili su samu maki shida. Ana karo, ana kayar da juna, ana jin ciwo, shi ya sa ba a iya buga shi fiye da sau ɗaya a mako. Kaka guda wasa 12 ce kacal, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, ban da wasan cin kofin rukuni da wasannin bayan kaka. To ƙungiyoyi 130 da wasa goma sha biyu-biyu, ta yaya kowa zai haɗu da kowa? Ba hali. Sai aka raba jami'o'in rukuni-rukuni, kowace ta buga yawancin wasanninta da 'yan rukuninta, sauran uku ko huɗu kuma ta nemo abokan karawa da kanta ta hanyar kwantiragi, wanda galibi ake sa wa hannu shekaru da dama kafin ranar wasan.

A 2017 rukunan guda goma ne, amma ba matsayinsu ɗaya ba. Biyar manya ne: SEC, Big Ten, Big 12, ACC da Pac-12. Su ke da tsofaffin sunaye, da filayen da wasu ke cin mutum sama da 100,000, da kuɗin gidajen talabijin. Rukunin SEC, inda Alabama da Jojiya da Auburn suke, yana raba wa kowace jami'a kimanin dala miliyan 40 a shekara a lokacin. Rukunin American, inda UCF take, kason kowace jami'a daga kwantiraginsa na talabijin bai wuce kimanin dala miliyan 2 ba. Kuma babu hawa babu sauka. Ko ka ci rukuninka shekara goma a jere, ba ka haura zuwa na manya sai su manyan sun ga dama sun gayyace ka. Ko ka zo na ƙarshe a cikin manya shekara goma a jere, ba ka faɗowa.

UCF baƙuwa ce a wannan duniyar. An kafa jami'ar a 1963 a Orlando, ta fara ƙwallo a 1979 a mataki na can ƙasa, ba ta shigo babbar gasa ba sai 1996. Alabama kuwa tun 1892 take bugawa. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma babu mai jayayya da haka. Inda gizo ke saƙar shi ne a ce wanda ya makara ba zai taɓa cim ma kowa ba, komai gudunsa.

Shekara biyu kafin wannan kaka, wato 2015, UCF ta buga wasa 12 ta faɗi duka 12. Kocinta na shekaru, George O'Leary, ya ajiye aiki a tsakiyar kaka. Sabon daraktan wasanni, Danny White, ya ɗauko Scott Frost daga Jami'ar Oregon, inda aka san shi da salon kai hari cikin sauri, ba a bai wa masu tsaron baya damar numfashi. A 2016 suka ci shida suka faɗi bakwai. Ba wanda ya tsammaci abin da zai biyo baya, domin ko cikin jerin ƙungiyoyi 25 na gaba ba a saka su ba lokacin da kakar 2017 ta buɗe.

Sun fara da lallasa Jami'ar FIU ta birnin Miami da 61 da 17 ranar 31 ga Agusta. Sai guguwar Irma ta afka wa Florida. Aka ɗage wasa da Memphis, aka soke wasa da Georgia Tech ɗungurungum, domin dakarun tsaron jiha sun mayar da filin jami'ar sansanin kai agaji. Wannan sokewar ta fi yadda ake zato muhimmanci. Georgia Tech tana cikin manyan rukunai, kuma tana ɗaya daga cikin biyu kacal da UCF ta shirya karawa da su daga can. Da ta tafi, sai Maryland kaɗai ta rage, wadda suka bi har gida suka doke da 38 da 10 bayan sama da mako uku ba su taka leda ba. Maryland ɗin kuma ba ta taɓuka abin kirki a shekarar ba. Don cike gurbi aka kawo Austin Peay, ƙaramar jami'a daga mataki na ƙasa. Ruwa da iska ne suka yi wannan, amma daga baya sai aka riƙa lissafa shi a matsayin laifin ƙungiyar.

Daga 23 ga Satumba zuwa 2 ga Disamba sun buga wasa 11 a makonni 11, babu hutu. Sun fi kowa zura maki a ƙasar, kimanin 48 a kowane wasa. Mai jefa musu ƙwallo, McKenzie Milton, ɗan jihar Hawaii ne, ƙaramin jiki ne in aka kwatanta da takwarorinsa. A baya kuma akwai Shaquem Griffin, wanda aka yanke wa hannun hagu yana ɗan shekara huɗu saboda larurar da aka haife shi da ita. Aikinsa kama mutane da kayar da su ne, aikin da masu hannu biyu ma ke shan wahalarsa, kuma a 2016 shi aka zaɓa gwarzon masu tsaron baya na rukunin baki ɗaya. A zamanin kocin da ya gabata, yawanci a benci yake zaune yana kallon tagwayensa Shaquill yana wasa.

Wasanni biyu na ƙarshe su ne wanda duk ya gani ba zai manta ba. Ranar 24 ga Nuwamba, maƙwabciyarsu kuma babbar abokiyar hamayyarsu, Jami'ar Kudancin Florida, ta farke ta mayar da wasa 42 da 42 saura ƙasa da minti biyu. Aka bugo ƙwallo daga tsakiya, Mike Hughes ya cafe, ya ruga yadi 95 ba wanda ya tsayar da shi. An tashi 49 da 42. Bayan kwana takwas suka sake haɗuwa da Memphis a wasan cin kofin rukuni, aka yi ƙarin lokaci har sau biyu kafin su tsira da 62 da 55. Ana cikin wasan ne labari ya ɓulla cewa Frost ya karɓi aikin horar da Nebraska, jami'ar da ya buga wa wasa yana ɗalibi. Wannan ma ɓangare ne na tsarin: ƙaramar ƙungiya in ta yi fice, abu na farko da ke faruwa shi ne manya su ɗauke kocinta. Abin yabo ga Frost, shi da mataimakansa sun dawo sun jagoranci yaran a wasan Atlanta, suna kai-komo tsakanin Lincoln, garin da Jami'ar Nebraska take, da Orlando.

Yanzu ga tsakiyar maganar. Daga 2014 zuwa 2023, zakaran ƙasa yana fitowa ne daga gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu kawai. Ba teburi ne ke zaɓen huɗun ba, ba lissafi ba, ba cin kofin rukuni ba. Kwamiti ne na mutum 13, tsofaffin kociyoyi da daraktocin wasanni da makamantansu, suke zama a wani otel a jihar Texas, su kulle ƙofa, su tattauna, su jefa ƙuri'a. Jerin farko da suka fitar a ƙarshen Oktoba ya sa UCF ta 18. Ta ci gaba da cin wasa mako-mako, wasu na faɗuwa, amma a jerin ƙarshe ta 12 ta tsaya. Duk goma sha ɗayan da ke samanta sun sha kashi aƙalla sau ɗaya. Auburn, mai kashi uku, ita ce ta bakwai. Huɗun da aka zaɓa su ne Clemson, Oklahoma, Jojiya da Alabama, kuma Alabama ko wasan ƙarshe na rukuninta ba ta kai ba, saboda kayen da Auburn ta yi mata.

Hujjar kwamitin ita ce ƙarfin jadawali, kuma ba hujjar banza ba ce. Dole a faɗi gaskiya. Cin Cincinnati da East Carolina da UConn na waccan shekarar ba ɗaya yake da zuwa Auburn ko Baton Rouge, gidan Jami'ar Jihar Louisiana (LSU), a gaban mutum dubu casa'in ba. Ƙungiyar SEC tana karo da ƙarti masu shirin shiga gasar ƙwararru kusan kowane mako, jiki na gajiya, 'yan wasa na karyewa. Masu tsaron bayan UCF sun bari an zura musu 42 da 55 a wasanni biyu a jere, wanda ba alamar zakara ba ce. In aka tambaye ni wa zai ci da a ce Alabama da UCF sun haɗu sau goma, zan ce Alabama ce za ta ci mafi yawa. Manyan 'yan wasanta na gaba da na baya sun fi nauyi, kuma bencinta ya fi zurfi nesa ba kusa ba.

Amma duba yadda hujjar ke zagayowa ta ciji wutsiyarta. An ce jadawalinka ba shi da ƙarfi. Wasa takwas daga cikin jadawalin rukuninka ne ya ɗora maka, rukunin da ba ka da ikon fita daga cikinsa. Sauran kuma sai manya sun yarda. Manya kuwa sun fi son su biya ƙaramar makaranta kuɗi, wani lokaci sama da dala miliyan ɗaya, ta zo gidansu a lallasa ta, a kan su je Orlando su yi kasadar faɗuwa. A watan Nuwamban nan da ake magana, Alabama ta karɓi baƙuncin Mercer, wadda ke mataki ɗaya da Austin Peay, ta doke ta 56 da nema. Kuma tun da ana ƙulla kwantiragin ne tun da daɗewa, wanda ya tsara jadawalin 2017 ba shi da hanyar sanin cewa ƙungiyar da ta faɗi wasa 12 a 2015 za ta wayi gari tana neman kofi. Ma'ana, tun kafin a busa usur na farko a watan Agusta, kusan rabin ƙungiyoyin gasar sun riga sun fita, ko me za su yi a fili. Wannan shi ne abin da ya fi damu na, fiye da batun waye ya fi wani. Yaro ɗan shekara 20 ya ba da jikinsa, a lokacin da ba a biyan 'yan wasan jami'a albashi, ya yi duk abin da aka ce ya yi, sannan a gaya masa ai tun asali ba da shi ake ba.

Abin da tsarin ya tanada wa irinsu shi ne gurbi guda a ɗaya daga cikin manyan wasannin sabuwar shekara, ga wadda ta fi kowa a ƙananan rukunai biyar. Shi ne ya kai su Peach Bowl, wato wasan nan na Atlanta da Auburn. Masu caca sun ba Auburn rinjaye da tazara mai yawa. UCF ta je hutun rabin lokaci tana gaba da 13 da 6, Auburn ta dawo ta wuce 20 da 13, sai UCF ta zura 21 a jere, ciki har da ƙwallon da Chequan Burkett ya tare ya ruga da ita har ƙarshen fili. Saura daƙiƙu kaɗan, Auburn na neman farkewa, Antwan Collier ya cafke jifarsu ta ƙarshe. Griffin ya kayar da mutum 12 a ranar, shi ya zama gwarzon masu tsaron baya, Milton kuma na masu kai hari.

Masu kare tsarin suka ce ai zuciyar Auburn ta riga ta karaya tun da Jojiya ta rama kashinta da 28 da 7 a wasan cin kofin SEC, ba da son ransu suka zo ba. Wannan magana ban yarda da ita ba. An faɗe ta lokacin da Boise State ta doke Oklahoma a Janairun 2007, an faɗe ta lokacin da Utah ta doke Alabama 31 da 17 a Janairun 2009. In babba ya ci, an tabbatar da fifikonsa, in ƙarami ya ci, babba ne bai so ba. Da irin wannan ma'auni babu sakamakon da zai taɓa zama shaida. Haka kuma ban yarda da lissafin magoya bayan UCF na cewa mun doke wanda ya doke su, saboda haka mun fi su ba. Ƙwallo ba ta tafiya haka. Auburn ta ci Jojiya da Alabama a gidanta ne, kuma Jojiyar nan ta rama bayan mako uku.

Ana tashi daga wasan, tun ana cikin fili, Danny White ya dubi kyamara ya ce su ne zakarun ƙasa. Mutane suka ɗauka zafin murna ne. Ashe da gaske yake. Jami'ar ta biya mataimakan koci ladan da kwantiraginsu ya tanada in an ci kofin ƙasa, aka yi jerin gwano a Disney World, gwamnan jihar na lokacin Rick Scott ya fitar da sanarwar ayyana su zakaru, aka buga zobba, aka rubuta a jikin filin wasa. Alabama kuwa ta doke Jojiya 26 da 23 a ƙarin lokaci ranar 8 ga Janairu, bayan kocinta Nick Saban ya sako wani sabon ɗalibi, Tua Tagovailoa, shi ma ɗan Hawaii, a zagaye na biyu. Daga baya Saban ya ce naɗa kai daban, cin abu da gumi daban. Shi kansa Frost, bayan ya koma Nebraska, ya nuna cewa da yana nan da wuya ya goyi bayan iƙirarin.

Sai dai tarihin wasan yana bayan White fiye da yadda masu yi masa dariya suka sani. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA tana ba da kofi a ƙwallon kwando da sauran wasanni, har da ƙananan matakan wannan ƙwallon, amma ba ta taɓa naɗa zakara a babban matakin ba. Abin da take yi shi ne ta rubuta a kundinta wanda wasu amintattun masu zaɓe suka zaɓa. Tun 1936 'yan jarida ke jefa ƙuri'a a ƙarƙashin kamfanin dillancin labarai na AP, kociyoyi ma suna da tasu, kuma sau da yawa an saɓa: Colorado da Georgia Tech a 1990, Miami da Washington a 1991, LSU da USC a 2003. A 1997 an raba tsakanin Michigan da Nebraska, kuma mai jefa ƙwallon Nebraska a shekarar, wanda ya tsaya gaban kyamara ya roƙi kociyoyi su zaɓe su, shi ne Scott Frost. Ita kanta Alabama tana lissafa 1941 cikin kofunanta, shekarar da ta faɗi wasa biyu, ƙuri'ar AP ta sa ta ta 20, amma wani tsarin lissafi guda ɗaya ya ɗora ta a sama.

A kan irin wannan ƙafar UCF ta tsaya. Cikin masu zaɓen da NCAA ta amince da su akwai lissafin kwamfuta na Colley, wanda wani masanin ilimin taurari, Wesley Colley, ya tsara, kuma yana cikin lissafe-lissafen da aka yi amfani da su a tsohon tsarin da ya gabaci kwamitin. Ba ya duba sunan makaranta ko yawan tazarar maki, abin da yake dubawa wa ka ci, wa ya ci ka, su kuma wa suka ci. Bayan an gama komai, UCF ya sa a farko, Alabama ta biyu. A ƙuri'ar AP ta ƙarshe UCF ta zo ta shida, amma 'yan jarida huɗu sun ba ta matsayi na ɗaya.

A ganina Alabama ce ta ci gasar da aka shirya, kuma ta ci ta da haƙƙinta: ta doke Clemson 24 da 6, ta doke Jojiya. Babu mai ƙwace mata wannan. Iƙirarin UCF kuwa ƙorafi ne da aka yi da babbar murya, domin an gwada ƙaramar murya ba ta yi aiki ba. Utah ta gama kaka ba kashi a 2004 da 2008, Boise State a 2006 da 2009, TCU a 2010, duk aka shafa musu kai aka wuce. White ma yana da nasa laifin: ya dage cewa ba zai karɓi tayin wasa biyu a gidan babba, wasa ɗaya a gidansa ba, sai dai ɗaya-ɗaya, har suka yi ta musayar magana da Jami'ar Florida a kan haka a ƙarshen 2018. Na fahimci kishin, amma wanda ake zargi da raunin jadawali bai kamata ya mayar da babban wasa ba.

Kaka ta gaba, ƙarƙashin sabon koci Josh Heupel, UCF ta sake cin wasa 12 ba kashi, kwamitin ya sa ta ta takwas. A ranar 23 ga Nuwamba, 2018, Milton ya samu mummunan rauni a gwiwa, har sai da likitoci suka yi gaggawar ceto ƙafar, kuma bai sake buga wasa ba sai 2021. Ba tare da shi ba, LSU ta kawo ƙarshen jerin nasarorinsu 25 da maki 40 da 32. Griffin ya samu shiga ƙungiyar ƙwararru ta Seattle Seahawks a 2018, ya tarar da tagwayensa a can.

Ƙofar ta fara buɗewa a 2021, lokacin da aka saka Cincinnati, 'yar rukunin American, cikin huɗu. A 2023 Big 12 ta karɓi UCF da Cincinnati cikin manya. A shekarar ce kuma abin ya faɗa kan babba: Florida State, zakarar ACC, ta ci wasa 13 ba kashi, kwamitin ya bar ta a waje saboda mai jefa ƙwallonta ya karye, ya ɗauki Alabama mai kashi ɗaya. A 2024 gasar ta koma ƙungiyoyi 12, da gurbi na dole ga zakarun rukuni biyar da suka fi matsayi, kuma Boise State ta shiga ta wannan hanyar a shekarar farko. Da wannan tsarin ne ake bi a 2017, da UCF, wadda ta zo ta 12 a jerin kwamitin, ta shiga, a ga iya gudun ruwanta a fili. A Disambar 2024 Scott Frost ya dawo Orlando ya sake karɓar ƙungiyar, a filin da har yanzu rubutun 2017 ke jikinsa.